Kafet ɗin mashaya ya ƙi daina wari, ya zan yi?

Mai_shara22: Salam 'yan uwa. Don Allah masu sana'ar wankin kafet ku taimaka min. Na samu aikin wanke kafet a wata mashaya, wajen teburin sayar da giya duk ya yi baƙi ƙirin, in ka taka har takalmi yana mannewa saboda giya da lemo da ake zubarwa. Na wanke sau biyu da sabulu mai yawa amma bayan kwana uku warin ya dawo, mai wurin har ya fara min wani kallo.

Baban_injin: Malam sabulun ne ya cuce ka wallahi. In ya yi yawa baya fita duka, ragowar shi ke kama datti. Fara zuƙe ƙura da injin tukuna, ka fesa maganin enzayim (mai narkar da dattin abinci da abin sha) ka bar shi minti 10 zuwa 15 ya cinye sukarin, sannan injin ruwan zafi mai zuƙewa, ka bi kai sau biyu uku ba ruwa, zuƙa kawai.

Hajiya_tsafta: Ka duba dai ko na ulu ne, bilic yana cinye shi kuma magani mai ƙarfi yana sa kala ta zuba. Gwada a lungu tukuna ɗana.

Baban_injin: Af na manta, warin nan ina zargin ruwa ka cika har ya jiƙa soson da ke ƙarƙashin kafet ɗin. Yi aikin da dare bayan sun tashi ka kunna fanka har safe. Cingam kuwa ƙanƙara zaka ɗora ya daskare sai ka kankare.

Mai_shara22: Kai, ashe ni na jiƙa shi. Na gode oga, gobe zan gwada.