Fentin ruwa a cikin hamada: yaya kuka yi da saurin bushewa?

Mai_Buroshi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina zane da fentin ruwa, amma duk a ɗaki, daga hoto. Watan jiya Allah ya nufa na fita hamada da takarda da fenti. Na jiƙa takarda zan shimfiɗa shuɗin sama, kafin in sake tsoma buroshi layin farko ya bushe ƙayau, sama ta fito jere-jere kamar saƙar tabarma. Takarda huɗu na ɓata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don hasken safiyar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Waɗanda suka taɓa zama cikin rairayi da buroshi a hannu, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi.

Dattijon_Zane:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, laifin ba na hannunka ba ne. Iskar hamada kusan ba ta da laima, tana shanye ruwan takarda kamar yadda take shanye na leɓe. Da na fara, da takarda mai sauƙi nake fita, sai ta bushe kuma ta lanƙwashe. Sai da na koma takardar auduga zalla mai kauri (giram 300 a kowane murabba'in mita) na samu sa'ida, domin auduga tana riƙe ruwa a cikinta. Ina jiƙa bayanta da gabanta, in manna ta a kan allon roba, in ɗan karkata allon yadda fentin zai taru a gindin kowane layi in ja shi ƙasa. Kuma ka dama fentin sama da yawa tun kafin ka taɓa takarda. Wanda ya tsaya haɗa launi a tsakiyar aiki, sama ta riga ta wuce shi.

'Yar_Shuɗi:
Baba ya gama magana. Ni dai ƙaramar kwalbar feshi ce ta cece ni, ina fesa wa farantin fenti ruwa duk bayan 'yan mintoci. Kuma ban ƙara zama cikin rana ba: farar takarda tana kashe ido, sai ka ɗauka launi ya yi kauri, da ka shiga inuwa ka ga duk ya koɗe.

Mai_Buroshi:
Na gode Baba, na gode Yaya. Wallahi haka ya faru da ni, rairayin da na zana ya fito fari fat.

Makiyayin_Launi:
Ni abin da ya fi ba ni wahala launin ne, ba ruwan ba. Na je da tunanin rairayi rawaya ne, na yi ta zuba rawaya, zanen ya fito a mace. Wata asuba a hamadar Tenere ta ƙasar Nijar na ajiye buroshi, na zauna ina kallon tudun yashi guda har rana ta ɗaga. Gefen da rana ta bugo ruwan ƙasa ne mai ja-ja, gefen inuwa kuwa shunayya ne mai ratsin shuɗi, kuma layin da ya raba su kaifi gare shi kamar bakin wuƙa. Tun daga ranar launi uku nake ɗauka: okar mai rawaya, siyena mai ja, da shuɗin altramarin. In ka haɗa biyun ƙarshe suna ba da toka mai ɗumi, kuma altramarin yana kwanciya tsaki-tsaki a ramukan takarda, sai ya yi kama da yashi ba tare da ka ɗiga ko ɗigo ɗaya ba. A wannan tafiyar aka nuna mini wurin itaciyar Tenere, wadda ta shahara da tsayuwa ita kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɗe ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi a Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe. Na zana ta ƙarfen, ita kaɗai, na bar sauran takardar kusan fara. Har yau shi ne zanen da na fi so.

Uwar_Tsirrai:
Ni tsirrai nake bi. Tumfafiya ta koya mini cewa koren hamada ba kore ba ne sosai. Ganyenta kamar an barbaɗa masa gari, sai ka karya koren da ɗan shuɗi da toka, ka tsinka shi da ruwa. Ƙayar aduwa kuwa ba na zana ta da fenti, ina jira wurin ya sha iska kaɗan in karce da farce, takarda ta leƙo. A nan saurin bushewar ya zama alheri, domin kana iya ɗora launi a kan launi ba jira.
Wani abu da ke taɓa zuciyata: ƙaro ne ke riƙe fentin ruwa a jikin takarda, kuma daga dakwara ake samunsa, itaciyar da ke tsiro a bakin Sahara. Duk lokacin da na zauna gindinta ina zane, sai in ji kamar na mayar mata da abinta.

Baƙon_Sonora:
Hajiya, na ji daɗin maganar ƙaron nan. Ni a hamadar Sonora ta jihar Arizona a Amurka na gwada. Akwai wata doguwar shuka mai ƙaya da suke kira saguwaro, tana kai mita 12, kuma sai ta shekara 50 ko fiye kafin ta fitar da reshen farko. Jikinta tsaga-tsaga ne daga sama har ƙasa. Na yi ta ƙirga tsagar ina zanawa, ta fito kamar turken ƙarfe. Da na rage, na yi inuwa a gefe ɗaya da layi uku ko huɗu kawai, sai ta miƙe da rai.

Mai_Buroshi:
To dabbobi fa? Na hango barewa, kafin in buɗe akwatin fenti ta ɓace.

Dattijon_Zane:
Dabba ba a fenti ake kama ta ba, ƙanena, a fensir. Ƙaramin littafi a aljihu, layin baya, wuya, ƙafafu, cikin daƙiƙa goma, sai ka rubuta launin a gefe ka fenta daga baya. Raƙumi ne kawai ke yi mana haƙuri in ya durƙusa yana tuƙa. Yanyawar Sahara sau ɗaya na gan ta, gab da magariba, a bakin raminta. Jikinta bai wuce na kyanwa ba, kunnuwa kuwa kusan santimita 15, da su take fitar da zafin jiki take kuma jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin yashi. Rana ta bi ta bayan kunnuwan suka yi ja kamar garwashi. Hannuna na rawa na ja layi biyar. Da dare a hasken tocila na sa musu ja mai ruwa-ruwa, na bar gefensu fari.

'Yar_Shuɗi:
Kada a manta da yashi. In iska ta watsa shi a kan zane yana jiƙe, kada ka sa hannu. Bari ya bushe ka kakkaɓe. Sau da yawa tabon da yake bari ya fi wanda za ka yi da gangan kyau. Farantin fenti dai a rufe shi, don yashi yana cin gashin buroshi.

Mai_Buroshi:
Allah ya saka da alheri. Na samo takardar auduga da kwalbar feshi. Ranar Asabar zan fita tun kafin ketowar alfijir, launi uku kawai, tudu guda. Baba, allon robar nan, girman takardar ya kamata ya zama ko ya ɗan fi ta?