Da me mawaƙi zai kunna kiɗa in shi kaɗai ne a fili?

Jiya munka zauna da masu kayan sauti nan Sakkwato kan maganar ga, ga abin da na tsinta. Mafi yawa sun ce a rabu da Bluetooth, a ja kebul har miksa, wato na'urar haɗa sauti, don Bluetooth na yankewa in taro ya cika, kuma wallahi gaskiya tasu. In da waya za ka kunna, cire layi tukuna, ni an taɓa kirana tsakiyar amshi wurin biki kiɗa ya tsaya cak, kowa ya juyo. Zafin Afrilu na wuce digiri 40, a aje na'ura cikin inuwa. Wani dattijo ya nace a riƙe filashi na biyu mai ɗauke da kiɗan cikin aljihu, batir a cike saboda ɗauke wuta.