Wane ƙarfe ne zai jure hayaƙin kwal a na'urar musayar zafi?

Ɗalibin_Injiniya: Assalamu alaikum manya. Ana so a sauke zafin hayaƙin tashar kwal daga digiri 140 zuwa 90 na Celsius kafin ya shiga hasumiyar da ake wanke masa sulfa da ruwan farar ƙasa, a kuma ɗumama shi bayan ya fito. Shin bututun ƙarfen silba da ake kira 316L zai wadatar a na'urar musayar zafin, tunda ba ya tsatsa?

Mai_Tukunya: Wa alaikumus salam. Ba zai wadatar ba, ƙanena. Hayaƙin kwal na ɗauke da SO3, wato wata iskar sulfa, da tururi, kuma tsakanin digiri 120 da 150 suke haɗuwa su kwanta a jikin bututu kamar raɓa. Raɓar nan asid ɗin sulfa ce mai ƙarfi. Zafin bangon bututun za ka duba, ba na hayaƙin ba, domin ruwan da ke gudana a ciki yana sanyaya bangon fiye da hayaƙin sosai. Sannan ga kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda hayaƙin ke ɗauke da shi. Shi ba ya cin ƙarfe gaba ɗaya, ƙananan ramuka yake haƙawa a ƙarƙashin tokar da ta manne da kuma bakin walda. Daga waje bututun 316L lafiya lau, sai dai a ga ruwa na ɗiga.

Idan kuwa hayaƙin ya fara bi ta na'urar SCR, wadda ke amfani da amoniya wajen rage gubar naitirojin, SO3 ya ƙaru, ragowar amoniya kuma ta haifar da gishiri mai danƙo da ke kama toka.

Hajiya_Injiniya: Raba aikin biyu. Inda bango ke sama da digiri 100, a Sin suna amfani da ƙarfen ND, wato 09CrCuSb, mai arha. Ƙasa da haka sai robar PFA. Tana jure zafi har digiri 260, asid ba ya taɓa ta, toka ba ta manne mata sosai, kuma tashoshin kwal na Jamus sun daɗe da ita. Aibinta ba ta wuce da zafi da kyau, shi ya sa ake yin bututun siriri, kaurin bangonsa kusan milimita 1, a ƙara yawansu. A wanke da feshin ruwa, kada a busa mata tururi mai ƙarfi. A kuma girka ta bayan matatar ƙura, in ba haka ba toka ta goge ta.

Mai_Tukunya: Haka ne, Hajiya. A ɓangaren ɗumamawa hayaƙin na fitowa a jiƙe, kusan digiri 50, da ɗigon ruwa mai kuloraid. Layukan bututu na farko a sa musu C-276 ko Alloy 59, ƙarafa masu yawan nikel, duk da tsadarsu, a yi waldar da waya mai nikel iri ɗaya. Ƙarfen taitaniyam kuma a yi hattara, sinadarin fuloraid da ke cikin hayaƙin na cin sa. In na'urar musayar zafin mai juyawa ce, wadda ke amfani da farantai maimakon bututu, farantai masu rufin gilashi da aka gasa su ne daidai, amma duk inda rufin ya ɓantare wurin ɗauka ko wanki, nan asid zai fara. A duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a jera.