Asibitin da ke karɓar kuɗi amma ba ya raba riba, zai iya ɗorewa?

Ma'aikaciyar jinya:
Assalamu alaikum. Ni da wasu abokan aikina, cikinmu har da likitan ido, muna shawarar buɗe ƙaramin asibitin ido a garinmu, inda masu hali za su biya cikakken kuɗi, abin da ya rage kuma a yi wa marasa ƙarfi aikin yanar ido da shi. Babu wanda zai raba riba. Wasu sun ce tsarin ba ya shekara biyu sai ya durƙushe. Ina neman shawarar masana.

Dattijon likita:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. An gwada wannan tsari kuma ya tsaya da ƙafafunsa. A shekarar 1976 Dakta Govindappa Venkataswamy ya buɗe asibitin Aravind a birnin Madurai na Indiya da gadaje 11 kacal, bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kuma har yau kaso mai yawa na marasa lafiyarsu kyauta ake yi musu aiki ko a kan kuɗi kaɗan. Abin da ya riƙe su shi ne yawan aiki: likita yana tsakanin tebura biyu, kafin ya gama da wannan ma'aikatan jinya sun shirya masa na gaba, don haka kuɗin kowane aiki ya sauko ƙwarai. A 1992 suka kafa masana'antar Aurolab domin ƙera gilashin da ake dasawa cikin ido, maimakon sayo shi da tsada daga waje. Mai biya da wanda ba ya biya likitoci ɗaya ne ke duba su, bambancin yana ɗakin kwanciya. Ku fara ƙididdige yawan mutanen da za ku iya gani a mako.

Mai kula da ɗakin magani:
Ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba, amma a tuna da shirin Bamako na 1987, wanda ya kawo asusun magani mai juyawa a asibitocinmu, wato a sayar da magani a sake sayo wani da kuɗin. A wurare da dama asusun ya ƙafe, saboda ana sayar da magani a kan tsohon farashi alhali darajar naira tana faɗuwa, ga bashi, ga "wannan ɗan'uwan wane ne, a yafe masa". Hajiya, ku ware asusun magani daban, ku sa farashi bisa abin da za ku sake sayo kaya da shi gobe, sannan kwamiti ne zai tantance wanda ya cancanci kyauta, kada a bar wa mai karɓar kuɗi.

Lauya:
Birtaniya ta samar wa irin waɗannan kamfanoni rajista ta musamman tun 2005, wadda ke hana karkatar da kadarorinsu. A Najeriya abin da ya fi kusa shi ne kamfanin da ba shi da hannun jari, wanda hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, ke yi wa rajista bayan neman amincewar Antoni Janar na tarayya, kuma doka ta hana mambobinsa raba riba. Lasisin buɗe asibiti kuwa daga hukumomin lafiya na jiharku zai fito.

Ma'aikaciyar jinya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Barista, shin irin wannan kamfani zai iya karɓar zakka da waƙafi a asusu na daban domin ɓangaren marasa ƙarfi?