Guringuntsin gwiwata ya ɓantare: in yarda a yi aiki ko in tsaya ga kine?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mini, kaina ya ɗaure. Shekarata 23, a unguwar Zariya nake nan Maradi. Da safe kabu-kabu nake yi, da yamma in buga balo da ƙungiyar unguwarmu. Wata 7 ke nan, muna cikin wasa na kafa ƙafar dama zan juya, wani ya taho ya haɗa da ni, gwiwar ta murɗe har na ji ƙas. Kafin magariba ta kumbura suntum. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya shafa, ya ɗaure, ya ce targaɗe ne. Bayan sati 3 kumburin ya sauka na koma fili, ban yi minti 20 ba ta sake cika da ruwa.

Na je likita aka yi radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce ƙashi lafiya lau. Da abin ya ƙi, Yayana ya haɗa kuɗi na tafi Yamai aka yi IRM, hoton da ke nuna har nama da guringuntsi. Takardar ta nuna guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin cinya, ta wajen ciki, ya ɓantare, milimita 15 a kan 12, mataki na 3. Jijiyoyi ba su tsinke ba. Likitan da na fara gani ya ce in yi kine, wato gashi da motsa gaɓa a hannun ma'aikacin lafiya, wata 3 tukuna. Wani kuma ya ce a shiga da kyamara a hudhuda ƙashin. Innata ta ce ita ba ta yarda a taɓa ni da wuƙa ba. Abokina ya ce akwai allurar da ake yi cikin gwiwa, kwana 2 ka koma fili. Yanzu hawa bene, tayar da babur da ƙafa, zaman tahiya da tsuguno a bayi duk wahala ne. Kullum sai na sha maganin zafin nan diklofenak kafin in fita aiki. Wanne zan bi? Kuma balo ta ƙare mini ke nan?

Wani ɗan rukuni:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya abokina. Ni dai da ni ne, wanzami zan nema ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jinin, sannan a riƙa gasawa da ruwan zafi. Aiki a gwiwa ba wasa ba ne.

Ma'aikacin kine:
Ƙanena, sannu da jiki. Bari in fara da maganar ƙaho, kuma Malam ka yi mini haƙuri: kada a tsaga fatar da ke kan gwiwa mai ruwa. Ruwan can cikin gaɓa yake, ƙaho ba ya isa wurin, in kuwa ƙwayar cuta ta samu hanyar shiga, cikin 'yan kwanaki za ta cinye guringuntsin da ya rage. Duk ranar da gwiwa ta kumbura, ta yi zafi jau ga zazzaɓi, a ranar ake zuwa likita, ba a kwana.

Ka taɓa lura da farin abu mai santsi a kan ƙashin ƙafar rago in ana fawa? Shi ne naka ya ɓantare. Kaurinsa a gwiwar mutum milimita 2 zuwa 4 ne kawai. Jini ba ya shiga cikinsa, shi ya sa ba ya haɗewa kamar yadda karaya ke haɗewa, kuma shi ya sa mai ɗori bai da abin da zai ɗora. Ba ya fitowa a radiyo, don haka "ƙashi lafiya lau" gaskiya ce, sai dai ba ta amsa tambayarka ba. Matakan 4 ne. Na 3 yana nufin ramin ya wuce rabin kaurin amma bai kai ga ƙashi ba, na 4 ƙashi ya fito fili.

Ba zan yaudare ka ba, kine ba ya tsirar da guringuntsi. Abin da muke yi shi ne mu rage nauyin da ke sauka a kan ramin. Auna cinyoyinka biyu da zare, kamar taƙi ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa. Na tabbata ta dama ta rame, don gwiwa mai ruwa tana kashe naman cinya ba tare da mutum ya sani ba. Naman nan shi ke tare bugun ƙasa kafin ya kai ga gaɓa. Ana farawa da ɗaga ƙafa a miƙe kana kwance, da keke marar nauyi, sannan a ƙarfafa ƙugu da ɗuwawu, daga baya a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ma'auninmu kumburi ne: in ka motsa yau gobe ta cika, ka wuce gona da iri, a koma baya kaɗan. Mutane da yawa masu irin raminka suna samun sauƙin da zai ishe su aiki da wannan kaɗai. Wanda kuma aka yi wa tiyata da ramammiyar cinya, shi ya fi shan wuya bayanta. Ka ga ta kowace hanya wata 3 ɗin nan ba asara ba ne.

Amma ka amsa mini abu ɗaya: gwiwar tana maƙalewa? Wato kana tafiya ta kulle, ta ƙi miƙewa sai ka girgiza ta?

Mai tambaya:
Na gode Yaya. Na auna yanzu, ta dama ta gaza da kusan yatsa biyu, ban taɓa lura ba wallahi. Maƙalewa kuma sau 2 ta taɓa yi mini, duka a watan da ya wuce. Na biyun ina sauka daga babur ne, sai da na zauna a ƙasa na murza ta kafin ta saki.

Tsohon ɗan kokowa:
Ɗana, saurare ni. Na yi shekara 11 ina shiga fili, tun daga kokowar ƙauye bayan girbi har aka fara kirana zaɓen 'yan jiha. Gwiwata ta hagu ta yi irin taka ana saura sati 5 a fita gasar takobi, babbar kokowar ƙasa. Wa zai zauna gida a lokacin nan? Aka yi mini allura a ciki, zafi ya ɗauke kamar an zare ƙaya, na yi kokowa. Ta dawo, aka ƙara. Sau nawa aka yi, ni kaina na daina ƙirga. Yau ban kai 50 ba a kan kujera nake salla, gona kuwa sai dai in tsaya bakin kunya ina nuna wa yara da sanda. Ba wanda ya tilasta ni, ni na roƙa. Allurar ba ta gyara komai ba, bakin gwiwar kawai ta rufe don kada ta gaya mini gaskiya. Abokinka yana ƙaunarka, amma kada ka bi shi.

Mai aiki a kantin magani:
Baba ya faɗi gaskiya. Allurar da abokinka ke nufi galibi kotizon ce. Tana da amfaninta in likita ya ga kumburi ya hana motsa gaɓa, amma maimaita ta ga matashi ba alheri ba ne. A 2017 an wallafa wani bincike a Amurka kan masu ciwon gwiwa na tsufa: waɗanda aka yi wa ita duk wata 3 har shekara 2 sun fi rasa guringuntsi a kan waɗanda aka yi wa ruwan gishiri, kuma zafinsu bai fi raguwa ba. Akwai wasu alluran, ta mai santsi da wadda ake tace jininka a mayar, suna iya rage zafi na wasu watanni ga wasu mutane, amma ba su cike rami. Haka ƙwayoyin gulukozamin da ake tallatawa.

Abin da ya fi tsorata ni a saƙonka diklofenak ɗin kullum ne, ƙanena. Ga ranar Maradi, kana kan babur tun safe kana zufa, ƙila ko karyawa ba ka yi ba. Haka ake samun gyambon ciki da ciwon ƙoda. Ka koma farasitamol in ya kama, da ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 bayan aiki. Kuma don girman Allah duk wanda ya miƙo maka tiramol a tasha ka ce a'a.

Likita mai koyon aikin ƙashi:
Ban duba ka ba, don haka ka ɗauki maganata a matsayin abin da za ka je da shi wurin likitanka. Likitocin nan biyu ba saɓani suka yi sosai ba. Amma maƙalewar da ka ambata yanzu ta canza lissafi, kuma ina zargin ba ka gaya wa na farkon ba, tunda bayan ganinsa ta faru. Gwiwa mai kullewa tana nuna ko dai ɓallin guringuntsi na yawo a ciki, ko wani leɓe ya ɗago yana shiga tsakanin ƙasusuwa, ko faifan da ke tsakaninsu ya yage. Motsa jiki ba ya fitar da tsakuwa daga cikin takalmi. Wannan da kyamara ake cirewa, ta ƙananan huda biyu, ba irin fiɗar da Inna ke tsoro ba ce.

Sai maganar ramin kansa. Milimita 15 a kan 12 bai kai murabba'in santimita 2 ba, kusan faɗin farcen babban yatsanka. Ƙarami ne a lissafinmu, ko da yake sau da yawa in an shiga an share gefen da ya ruɓe sai a tarar ya fi abin da IRM ta nuna. Hudar da aka ce maka, wani likitan Amurka mai suna Richard Steadman ne ya yaɗa ta tun shekarun 1980. Ana kankare ramin har ƙashi, a yi ƙananan huda da tazarar milimita 3 zuwa 4, jini da ɓargo su fito su daskare a wurin, su zama faci. Aiki ɗaya ne, ya fi sauran araha, kuma ya fi dacewa da ƙaramin rami ga wanda bai kai 40 ba. Aibinsa shi ne facin ba irin guringuntsin asali ba ne, bai kai shi juriya ba, kuma ga masu gudu da juyi sakamakon kan fara ja da baya bayan shekara 2 zuwa 5.

Akwai wata hanya da ni na fi so ga ɗan wasa mai rami irin naka, in an samu mai hannu da kayan aiki. Ana ciro 'yan turaku na ƙashi da guringuntsinsu daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi, a dasa su a ramin kamar ana jera dabe. László Hangody na ƙasar Hangari ya shahara da ita a shekarun 1990. Guringuntsi na gaske kake samu, kuma 'yan wasa sukan fi saurin komawa fili da ita. Sai dai inda aka ciro ɗin yakan yi wa wasu ciwo.

Ta ukun za ka ci karo da ita a intanet, shi ya sa zan ambata. A Suwidin aka fara ta a 1987, aka wallafa sakamakon a 1994: a ɗebi ƙwayoyin guringuntsinka, a raine su a ɗakin bincike na wasu makonni, a sake buɗewa a dasa. Tiyata biyu, kuɗi mai yawa, shekara 1 zuwa 1 da rabi kafin wasa, kuma don manyan ramuka aka fi yin ta. Kada Yayanka ya sayar da fili saboda ita. Gwiwar ƙarfe kuwa ba maganar ɗan shekara 23 ba ce sam.

In ka koma, ka nemi a yi maka radiyon ƙafa gaba ɗaya kana tsaye. In ƙafarka ta lanƙwasa kamar baka, nauyi a wajen ciki yake sauka, daidai kan raminka, kuma duk facin da aka yi zai goge in ba a daidaita ƙashin ba. Ka kuma tambayi mai aikin kai tsaye: in ya shiga ya tarar ramin ya fi girma, me zai yi? Irin wannan aiki nawa yake yi a shekara? Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. In kana son ra'ayi na uku, ban da Yamai, mutanenmu da yawa na zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Wanda aka taɓa yi wa aiki:
Ni an yi mini hudar nan shekara 4 da suka wuce, ina da 26. Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne bayansa: sati 6 da sanduna biyu, ba taka ƙafa. Ni tela ne, na samu na ɗan riƙa yanka a zaune. Kai da babur ne abincinka, ka lissafa wata 3 ba ko dala, ka san wanda zai riƙe gida tun kafin ka kwanta. Na san wani da ya jefar da sanduna a sati na 2 don ya ji ba zafi, guringuntsi kuwa ba shi da jijiyar jin zafi, facin ya lalace bai sani ba. Ni na koma balo a wata na 9. Ina bugawa sau ɗaya a sati, a fili mai yashi, ba kullum kamar da ba. In na yi minti 90 tana gaya mini washegari.

Wata uwa:
Ɗana, kada ka yi jayayya da mahaifiyarka. Ka tafi da ita wurin likitan ta ji da kunnenta, a nuna mata girman hudar. Mu iyaye abin da muka gani a da shi ke ba mu tsoro. Zaman tahiya kuma kada ka matsa wa kanka, Annabi sallallahu alaihi wa sallama ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune. Ka miƙe ƙafar ko ka samu kujera. A bayi ma a sa maka kujerar da aka huda.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na kira likitan farko na gaya masa maganar maƙalewa. Ya yi mini faɗa don ban kira tun ranar ba, ya ce in zo ranar Litinin da takardar IRM, zai rubuta radiyon tsaye, kuma da alama sai an shiga da kyamara. Ya ce in fara kine tun yanzu kafin a sa rana. Inna ta yarda za ta raka ni, amma ta ce ita za ta yi tambayoyin da kanta. Na bar diklofenak kwana 2 ke nan, gwiwar na ciwo fiye da da, ina sa ƙanƙara. Babur ɗin zan ba ƙanena ya riƙa fita da shi muna rabawa. Yaya mai kine, ɗaga ƙafar nan sau nawa zan yi a rana kafin Litinin?

Ma'aikacin kine:
Sau 10, ka huta, ka maimaita har zagaye 3, safe da yamma. Ka ƙanƙame cinyar tukuna kafin ka ɗaga, ka riƙe daƙiƙa 5 a sama. In ta kulle ta ƙi saki, kada kowa ya ja maka ita, ka tafi likita a ranar.