Matambayi ba ya ɓata: har da ɗan aiken na'ura?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. Jiya a wurin aiki wani ya ce ɗan aiken ƙirƙirarriyar basira (wato manhajar AI da ake ba aiki ta aiwatar da kanta ta hanyar kiran wasu manhajoji, kayan aikinta ke nan) ba ya ɓata tunda yana da bayanin kowane kayan aiki a gabansa, ya rufe da "matambayi ba ya ɓata". Na yi shiru, amma raina bai kwanta ba. Karin maganar ta dace a nan kuwa?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin mu kai ga na'ura, mu tsaya kan maganar. Da yawa suna yanke ta rabi. Cikakkenta shi ne "matambayi ba ya ɓata, sai dai asirinsa ya tonu". Wato wanda ya yi tambaya ya bayyana cewa bai sani ba, ya sayar da ɗan girmansa ya sayi hanya. Ana faɗinta ga mai jin nauyin tambaya. Shin na'urar tana da wannan nauyin?

Mai Rubuta Manhaja: Baba, ai matsalar ma ba ta kai ga tambaya ba. Bari in faɗi yadda abin yake. Tun 2023 da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar da ɗan aiken zai kira wata manhaja, zuwa Nuwamban 2024 da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, wato tsarin haɗa ɗan aike da kayan aiki, abu uku ne ake miƙa masa game da kowane kayan aiki: sunansa, ɗan bayani da aka rubuta da kalmomi, da jerin abin da za a cika masa a tsarin JSON, wato salon jera bayanai da kwamfuta ke ganewa. Shi ke nan. Ba ya leƙa cikin manhajar ya ga me take yi. Ba ya iya cewa "tsaya, me kake nufi?" ga wanda ya rubuta bayanin, don shi ya rubuta ya tafi tun watannin baya. Saboda haka ni dai ban ga matambayi a nan ba. Mai karanta allon hanya na gani.

Hajiya Mai Lissafi: To ai ƙanena, mai karanta allo ma tambaya yake yi, allon ne ke ba shi amsa. Karin maganar ba ta ce dole sai baki ya buɗe ba.

Mai Rubuta Manhaja: Na yarda, Hajiya, amma duba wannan. A wani aiki da na yi, akwai kayan aiki biyu: ɗaya an rubuta masa "nemo mai amfani" (wato mutumin da ke amfani da manhajar), ɗayan "samo mai amfani". Na farko da suna yake nema, na biyu da lambar rajista. Babu inda aka faɗa. Na ba ɗan aiken ayyuka guda goma na gwaji, na zauna ina bin sawunsa mataki-mataki, sai na ga yana cusa suna inda ake son lamba, manhaja ta dawo da kuskure, shi kuma ya sake gwadawa haka nan. Da na ƙara jimla ɗaya, "yi amfani da wannan kawai idan kana da lambar rajista", ya daina. Ban taɓa komai a cikin manhajar ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma abin da na gwada bayanin ne.

Tsohon Malami: Madalla. Ka ga inda ka kawo mu. Karin maganar tana da sharaɗi a ɓoye: wanda aka tambaya ya san hanya kuma ya faɗa daidai. In ka tambayi wanda ya ce maka "can gaba kaɗan", ka ɓata, laifin wa?

Hajiya Mai Lissafi: Wannan ya tuna mini da kumbon NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, da ya ɓace a duniyar Mars a 1999. Ɓangare ɗaya ya ba da lissafi a ma'aunin Amurka, ɗayan ya karɓa a matsayin ma'aunin mita. Kowa ya amsa, amma amsar ba ta faɗi ma'auni ba. Haka bayanin da ya ce "saka lokaci" bai ce daƙiƙa ko minti ba, ko ya ce "saka kwanan wata" bai ce wata ne farko ko rana ba.

Ɗan Koyo: Kenan a tsawaita bayanin kawai?

Mai Rubuta Manhaja: A'a, Yaya. Duk bayanan nan suna shiga cikin abin da ɗan aiken yake iya riƙewa lokaci ɗaya. In kayan aiki hamsin kowanne ya zo da shafi guda, sun cinye wuri mai yawa kafin ya fara aiki. Kuma akwai abin da ya fi tsoro: an gano mutane na ɓoye umarni a cikin bayanin, misali a ce ya karanta wani fayil ya aika. Shi kuwa ya ɗauki duk abin da ke wurin a matsayin jagora.

Tsohon Malami: Subhanallah. To a nan kuwa rabin ƙarshe ya dawo da sabuwar ma'ana. Asirin da ke tonuwa na mai kwamfutar ne.

Hajiya Mai Lissafi: Baba, ka ja ta da nisa! Magabata asirin jahilci suke nufi, ba fayil ba.

Tsohon Malami: Na ja, ban musa ba. Mai Rubuta Manhaja, turo mana bayanan nan biyu na farko mu gani, kafin ka gyara da bayan ka gyara.