An taya kwalayen katunan besbol ɗin ɗana dala 400, in sayar ko in dakata?

Direban Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma zuwa Asabar zan ba mutumin amsa.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, shekara tara muna bene ɗaya, ni nake kai shi asibiti idan jiki ya motsa. Watan jiya 'yarsa ta zo ta tafi da shi Florida. Ranar tafiyar ya kira ɗana mai shekara 11, da yake yaron yana buga besbol a ƙungiyar yaran unguwa, ya ba shi kwalayen takalmi huɗu maƙare da katunan 'yan wasa. Mun ƙirga sama-sama, sun kusa 3,000. Yawanci na kamfanonin buga kati ne irin su Donruss 1988 da Fleer 1990 da Topps na 1987 zuwa 1991, an ɗaɗɗaure su da roba. Guda uku ne kawai ya ware cikin gidan roba mai tauri: Ken Griffey Jr. na Upper Deck 1989 mai lamba 1, Rickey Henderson na Topps 1980, sai Derek Jeter na SP 1993, mai ƙyallin nan. Na Jeter gefensa na ƙasa ya ɗan ɓantare, sai ka karkata shi ga haske za ka gani.

Na kai wa wani mai shagon kati. Ukun nan ya jujjuya, kwalayen ko buɗewa bai yi ba, ya ce dala 400 kuɗi hannu, wai kwalayen taimakona zai yi ya ɗauke min su. Ni kuma inshorar mota ta taso ni gaba a ƙarshen wata. Tambayata: in karɓa, ko in aika ukun nan PSA, kamfanin da ke duba lafiyar kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, su ba su maki tukuna? Wanda ya taɓa aikawa ya faɗa min nawa ya kashe, wata nawa ya jira.

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka sayar! Ba ka ji an sayar da katin Mickey Mantle dala miliyan 12.6 a 2022 ba? Kati ɗaya tal. Kai da ke da 3,000, ka zauna ka duba su ɗaya bayan ɗaya, wataƙila arziƙinka na ciki.

Na Maraɗi:
Dala 400? Jikka biyu ke nan fa. Haba, ko kwalayen takalmin sun fi haka. Turo min su ta mota in ba ka jikka uku.

Mai Shago a Harlem:
Na Maraɗi, dalar Amurka ake nufi, ba dalarku ta sefa biyar ba. Kullum sai ka yi mana wannan.

Alhaji, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Shekara 22 ina saye da sayarwa a garin nan. Duk kayan da ba ka san kansa ba, wanda ya fara miƙo maka kuɗi shi ne mai gaskiya. Karɓi abinka ka biya inshora.

Ɗalibi a Houston:
Kawu Direba, bari in ɗan yi bayani, tun ina sakandare nake wannan harka. Maganar Mantle a ajiye ta gefe. Wancan na Topps 1952 ne, kuma SGC, wani kamfanin ba da maki irin PSA, ta ba shi maki 9.5, kamar jiya aka buga shi. Na shekarar ma kaɗan suka rage. Ana ba da labarin cewa kamfanin da kansa ya kwashi waɗanda suka yi kwantai ya zubar a teku. Naka kuwa na lokacin da kamfanoni suka yi ta bugawa babu lissafi ne, daga wajen 1987 zuwa 1994, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran ya yi tsada, shi ya sa har yau kowane gida akwai su. Tsufa ba ya sa kati tsada, ƙaranci da lafiyar katin ne ke sa shi. Mai shagon bai yi ƙarya ba a kan kwalayen. Robar da aka ɗaure su da ita ma ta riga ta ci gefensu.

Ukun nan su ne maganar. Masu ba da maki abu huɗu suke dubawa: kusurwa, gefe, fuskar katin, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Jeter na SP ya yi suna wajen ɓantarewa saboda ƙyallin, shi ya sa masu maki 10 a duniya ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Naka da ido ke ganin ɓantarewar, ka sa rai da 6 ko 7. Shiga eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kar ka kalli farashin da mutane ke nema, ka latsa wajen waɗanda aka riga aka sayar. Nan gaskiya take.

Ɗan Columbus:
Hmm. Ni dai da na ji an ce "aika a ba da maki" sai gabana ya faɗi. Bari in ba ku nawa, wanda zai ji ya ji.

Lokacin korona ina aikin sito, dare nake yi. Wani abokin aikina ya nuna min kati a waya, ya ce ya saya 60 ya sayar 300 cikin wata biyu. Na shiga. Kuɗin tallafin da gwamnati ta raba, 1,200 na farko da 1,400 na 2021, duk a kati suka tafi, na ƙara da abin da nake tarawa na rufin ɗakin Hajiyarmu a gida. Fernando Tatis Jr. na fi saya, don a lokacin kowa cewa yake shi ne gobe. Muna da wani taro da muke yi duk ranar Lahadi a bayan wani shago, mu goma sha wani abu, ana musaya, ana shan shayi, har iyalan juna mun sani. A cikinmu akwai wanda yake tattara katunan kowa ya aika PSA gaba ɗaya don kuɗin ya sauko. Na ba shi guda 41 da kuɗin aikawa. Ko takarda ban rubuta ba, hoto ma na gaba kawai na ɗauka, ban ɗauki baya ba. Mutumin da ya ci tuwo a gidana.

Sai PSA ta dakatar da karɓar yawancin aike a ƙarshen Maris 2021 saboda kaya sun yi mata yawa. Wannan ya zame masa abin fakewa. Wata shida, "suna layi". Shekara ɗaya, "suna layi". A watan Agusta 2022 aka dakatar da Tatis wasa 80 saboda maganin ƙara kuzari, farashin ya rikito, ni kuwa katunana ba sa hannuna balle in rabu da su. Da suka dawo daga ƙarshe, 33 ya kawo min. Takwas wai sun ɓace a hanya, kuma takwas ɗin su ne masu lamba a jiki, waɗanda aka buga 'yan kaɗan. Cikin 33 ɗin akwai biyu da na rantse ba nawa ba ne, domin nawa kusurwarsu kamar reza take. Da wace hujja zan kama shi? Na sayar da duka, ban mayar da kashi ɗaya cikin huɗu ba. Damina biyu Hajiya tana tara ruwa da roba a tsakar ɗaki, ina ce mata aiki ne ya yi ƙasa.

Har yau in na gan shi a masallacin Juma'a sai ya miƙo min hannu.

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Amma kai ma ka yi sakaci, kuɗin rufin uwa?

Ɗan Columbus:
Hajiya, na sani. Ba sai an tuna min ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Faɗi sunansa kawai mu san shi. Irin waɗannan su ke ɓata mana suna.

Dattijon Newark:
A'a, ba a nan ba. Wanda ba ya nan ba a yi masa shari'a. Ɗan Columbus, in kana da shaidu cikin mutanen Lahadin nan, ka kai maganar gaban limaminku a zauna. Takwas ba su ɓacewa su zaɓi masu tsada.

Mai Shago a Harlem:
Kun gani ko? Abin da na faɗa tun farko. Takarda ce fa da hoton ƙato riƙe da sanda.

Ɗalibi a Houston:
Kawu, labarin Ɗan Columbus labarin amana ne, ba na ba da maki ba. Mutum na iya buɗe asusu da kansa ya aika da kansa, kowane kati ya dawo a rufe da lambarsa da za a iya dubawa a intanet. Ni na aika Griffey irin wannan bara, kuɗin kati ɗaya da na aikawa da inshora sun tasar min wajen 40, ya dawo da 8 bayan wata biyu da rabi, na sayar 110.

Mai Gadi a Philadelphia:
110? Ni na sayi Griffey ɗin nan dala 25 a kasuwar ƙarshen mako, babu maki babu komai. Wani kuma a wurin yana neman 2,000 a nasa. To wanne ne farashin?

Ɗalibi a Houston:
Duka biyun. Na 2,000 mai maki 10 ne. Na 25 kuma ka duba shi da kyau, don akwai jabu da yawa, har da waɗanda aka aske musu gefe da reza don su yi kamar sababbi.

Mai Gadi a Philadelphia:
Yanzu nawa ne jabu? Kai yaro, shekararka nawa?

Mai Shago a Harlem:
Tambaye shi dai. Yaron da ko haya bai taɓa biya ba shi ke koya wa magidanci yadda zai yi da kuɗin inshora. In katin ya dawo da maki 5, kai za ka biya masa?

Ɗalibi a Houston:
Kawu, da girmanka, turare da atamfa kake sayarwa. Na taɓa yi maka gardama a kan farashin shadda? Jeter ɗin kaɗai, ko da maki 6, na ga an sayar da shi kusa da abin da mai shagon ya taya duka ukun. Ga Henderson kuma, tun da ya rasu a Disamba 2024 masu nemansa suka ƙaru. Mai shago ba wawa ba ne, ya san abin da ya gani. Kuma a cire kusan kashi 13 cikin 100 da eBay ke yanka, har yanzu da saura.

Na Maraɗi:
Ni fa har yanzu ban gane wasan ba. Mutum ya bugi ƙwallo da taɓarya ya ruga a guje ya dawo inda ya tashi, a ba shi miliyan 700? Mu nan in ka ruga ka dawo inda ka tashi cewa ake ka yi mantuwa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ohtani kake nufi, na Dodgers. Shekara goma ce kwangilar. Shi jifa yake yi kuma ya yi bugu, mutum biyu ne a riga ɗaya.

Maman 'Yan Biyu:
Ku tsaya. Duk kun bar abu mafi girma. Malam Direba, ka ce dattijon yaron ya kira ya ba shi. To kayan wa za ka sayar? Ka tambayi yaron? Ni abin da ya sa na san katunan nan, nawa 'yan biyun ne suka addabe ni. Ranar Asabar sai sun sa ubansu ya kai su White Plains wajen baje kolin kati, su yini suna musaya da tsofaffin Turawa, su dawo da kati biyu suna murna kamar an ba su kujerar Makka. Wannan ban damu da shi ba, ya fi yawon banza. Abin da ya ƙona min rai shi ne fasa kwali da ake yi kai tsaye a waya. Mutum zai zauna gaban kyamara da kwali a rufe, yara su biya kuɗi, a juya wani faifai ya zaɓa maka ƙungiya, duk katin ƙungiyar da ya fito naka ne. Hassan ya ɗauki katin bankina ya yi sau bakwai a dare ɗaya, dala 212. Abin da aka aiko masa ko na cingam bai kai ba.

Dattijon Newark:
Wannan kam caca ce, ko da wane suna aka kira ta.

Ɗalibi a Houston:
Baba, fasa kwali da faifai na yarda. Amma sayen fakiti a kanti fa? Ka biya, an ba ka kati goma, ba ka tashi a tutar babu ba.

Dattijon Newark:
Don kati goman ka biya, ko don ɗayan da kake fatan ya fito? Cinikin biri a sama ke nan. Tun da yaron nan ɗan shekara 11 a California ya ciro katin Paul Skenes aka sayar sama da dala miliyan ɗaya a 2025, jikokina ba su bar ni na huta ba. Ba wanda ke ba su labarin dubban yaran da suka buɗe suka tarar da iska.

Mai Gadi a Philadelphia:
Mu ma da muna yara ai mun sayi cingam don hoton da ke ciki, babu wanda ya ce mana caca.

Maman 'Yan Biyu:
Cingam ɗin sisi ne, kuma ka tauna abinka. Ni 212 aka cire min. Na kira banki suka ce tunda yaron gida ne ya yi, babu abin da za su iya. Manhajar kuma ko shekarunsa ba ta tambaya ba, ko ta tambaya ya yi ƙarya, oho. Wa ya san yadda ake toshe irin wannan a wayar yara? Na cire katin, ya haddace lambar.

Direban Bronx:
Na gode 'yan'uwa. Hajiya, maganarki ta tsaya min a rai. Na tambayi yaron da daddare, ya ce in sayar da biyun amma a bar masa Jeter, don duk ranar da muka wuce filin Yankees a titi na 161 sai ya nuna min lamba 2, lambar rigar Jeter a ƙungiyar. Na kira mai shagon na ce ban da Jeter nawa, ya ce 120. To yanzu ban sani ba. Ɗalibi, in na aika biyun da kaina, a wace irin roba ake sa su? Kuma wata biyu da rabin nan tabbas ne?

Ɗan Columbus:
Ka ɗauki hoton gaba da baya. Da kusurwa huɗun. Ka sa kwanan wata.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya, sauya katin gaba ɗaya za ki yi, banki su ba ki sabuwar lamba. Nawa ɗan ta wasan bidiyo ya yashe ni, dala 90 wai ya sayi riga wa ɗan tsanan da ke cikin wasan. Rigar da ko taɓa ta ba za ka iya ba.

Na Maraɗi:
Dala 90 ai da sauƙi, ko jikka rabi ba ta kai ba.